Ledar rogo mai zaren rama: za ta iya riƙe dambu da kunun aya?

Wata Hajiya mai sana'ar dambun nama da cincin, wadda take haɗawa da kunun aya da zoɓo lokacin zafi, ta aiko da tambaya. Ta ji ana cewa yanzu akwai leda da robar zuba abinci da ake yi da rogo ko masara, ana cakuɗa su da zaren tsirrai don su yi ƙwari, kuma in an yar da su sai su ruɓe su koma ƙasa. Tana so ta san ko gaskiya ne, kuma ko ya dace ta bar ledar da ta saba ta koma wannan.

Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da kika ji gaskiya ne, ana yin su, kuma ni kaina na daɗe ina dafa sitaci ina shanya shi a ɗakin gwaji kan wannan batu. Sai dai kayan sana'arki guda huɗu ne, kuma amsar kowanne daban take. Ki yi haƙuri da ni in bi ta doguwar hanya, domin in na ce miki "e" ko "a'a" kawai, kuɗinki za ki zubar.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne sunan. Ana kiran abubuwa iri-iri da robar tsirrai alhali halinsu ya sha bamban. Akwai wadda aka yi da tsiro amma ba ta ruɓewa ko kaɗan. Kamfanin Braskem na ƙasar Birazil tun 2010 yake yin irin wannan da rake: a tatsi ruwan raken, a mai da shi sinadarin itanol, daga nan a yi roba. Wadda ke fitowa daidai take da ledar da kike amfani da ita yau, in ta shiga kwata haka za ta toshe ta. Akwai kuma wadda aka yi da man fetur amma tana ruɓewa, irin wadda ake kira PBAT, mai laushi da talewa. Sai waɗanda suka haɗa biyun, tushensu tsiro kuma suna ruɓewa, su ne kike tambaya a kansu. Manya a cikinsu uku ne: robar sitaci, da PLA, da PHA. Ita PLA ana samunta ne daga sinadarin nan da ke sa nono tsami. Ana tsima sukarin masara ko rake ko rogo da bakteriya, a tace sinadarin, a sarƙa shi ya zama roba mai garai-garai kamar gilashi. Akwai babbar masana'antarta ta kamfanin NatureWorks a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka, da wata ta wani kamfani daban a Rayong ta ƙasar Tailan. PHA kuwa bakteriya ce ke tara ta a cikinta kamar yadda dabba ke tara kitse. Wani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne ne ya fara gano ta a shekarun 1920, amma har yau tsadarta ta hana ta yaɗuwa. Duka waɗannan in aka haɗa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na robar da duniya ke yi a shekara ba.

Akwai ta huɗu da nake so ki guje mata. Leda ce ta man fetur da aka zuba wa wani sinadari don rana da iska su farfasa ta, a kwalinta za ki ga an rubuta tana narkewa. Ba ta zama taki, marmashewa kawai take yi ta zama ɓurɓushin roba da ido ba ya gani, ya shiga ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun watan Yulin 2021.

To me ya sa ake ƙara zare? Bari in ba ki abin da na gani da idona. In kika dama sitacin rogo da ruwa kika ɗora a wuta, kin san yadda yake kumbura ya yi yauƙi kamar an dama koko. In aka zuba masa gilisirin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sitacin, aka malala shi a faranti ya bushe, sai a ɓamɓaro wata 'yar fata mai haske wadda in kika gani za ki rantse leda ce. Na taɓa yin irin wannan cikin hunturu. Ranar farko abin sha'awa, bayan 'yan kwanaki ina lanƙwasa ta sai ta ce ƙaras, ta karye kamar busasshen ganye. Na sake yin haɗi iri ɗaya, awo ɗaya, a tsakiyar damina. Wannan karon ba ta karye ba, amma ta saki jiki ta yi danƙo tana manne wa yatsa, in an ja ta sai ta tsinke ba wani ƙarfi. Sitaci mai son ruwa ne, yana shan laimar iska yana kuma amayar da ita, don haka halinsa na bin yanayi. Ita ma PLA tana da nata aibin: tana da tauri amma ba ta talewa, saurin tsagewa gare ta.

Magina ginin ƙasa sun san maganin wannan tun kaka da kakanni. Ƙasa zalla in ta bushe tsagewa take yi, shi ya sa ake kwaɓa ta da ramno. Ciyawar ce ke riƙe tsagar kada ta yi gaba, ta kuma ɗauki wani ɓangare na nauyin. Aikin da zare ke yi a cikin roba ke nan ba ragi ba ƙari. Ana amfani da zaren rama, wannan dai ramar da muke tufka igiya da ita muke kwaɗon ganyenta, da tuƙar rake, da buntun shinkafa, da karan alkama, da zaren kwakwa. Abin da ke ba su ƙarfi shi ne salulos, wato ƙashin jikin kowane tsiro. In aka tsefe shi har aka kai ga siraran ƙwayoyinsa, taurinsu ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfe, alhali nauyinsu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen ba. Wannan ne ya sa masu bincike suka mato a kansa.

Amma ba a ɗebo rama daga gona a watsa cikin roba kawai ba, kuma a nan ne yawancin ƙananan masu gwaji ke faɗuwa. Jikin zaren yana da kakin zuma na halitta da wani danƙo da ke haɗa shi da bawo. Sai an jiƙa shi, an wanke shi da ruwan soda irin ta masu haɗa sabulu, an ɗauraye, an busar da shi ƙayau. Wankin sodar yana kankare jikinsa ya yi kaushi, robar ta samu wurin kamawa. Da sitaci abin da sauƙi, don shi da salulos 'yan gida ɗaya ne, duka daga sukari aka gina su, suna kama juna ba gardama. Da PLA kuwa sai an yi da gaske, domin ita ba ta son ruwa shi kuma zaren yana so, sai ka ga an yi haɗin amma in aka karya aka duba a madubin ƙara girma, zaren ya zare ya bar ramuka kamar an cire gashi daga kullu. Irin wannan haɗin ƙarfi ba ya ƙaruwa, raguwa ma yake yi. Sannan in akwai sauran laima a zaren lokacin da aka sa shi cikin inji, ruwan zai tsittsinka robar PLA tun tana narke, kayan su fito da rauni da kumfa a ciki. Injin da ake haɗin da shi ki ɗauke shi kamar injin murza taliya, sai dai mai zafi ne. Zafin ma da iyaka, don zaren tsiro yana fara ƙonewa in an kai wajen digiri 200, ya yi duhu ya riƙa ƙauri, ita kuma PLA sai an kai kusan 170 zuwa sama take sakin jiki sosai. Tazarar ba ta da yawa.

Yawan zaren ma da ƙa'ida. Galibi tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ake zubawa. In ya wuce haka sai ya dunƙule, robar ta kasa lulluɓe shi. Kuma ki lura, zare yana ƙara tauri ne, ba ya ƙara talewa. Shi ya sa haɗin zare ya fi dacewa da faranti, da kwano, da cokali, da tiren ƙwai, abubuwan da ake so su tsaya ƙyam. Siririyar leda mai ƙulluwa kuwa, wadda ake gani a kantunan Italiya, galibi sitaci ne aka haɗa da PBAT, kamar wadda kamfanin Novamont ke yi da sunan Mater-Bi. Ke nan ko ledar rogon da ake yi wa talla, yawanci akwai kason man fetur a cikinta, shi ne ke ba ta laushi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna a maganar nan, kuma shi ne masu talla ba sa faɗa. Mu koma wurin magini. Ramno yana hana katanga tsagewa, amma ba ya hana ruwan sama cinye ta. Don haka ne ake yaɓe ta da makuba ko laso. Mazubin abinci ma haka ne: ƙarfi abu ɗaya ne, tare ruwa da iska wani abu ne daban, kuma na biyun shi ne ainihin aikin leda. Ba don ƙarfinta kike ƙulla cincin a leda ba, don kada ya sha iska ya yi laushi ne. Zaren rama ba ya wannan aikin. Sau da yawa ma ɓata shi yake yi, don yana zuƙo laima kamar lagwani yana shigar da ita ciki.

Dubi kayanki ɗaya bayan ɗaya. Maƙiyin cincin laima ce. Dambu kuwa maƙiyansa biyu: laima da ke kawo fumfuna, da iska da ke sa man ciki ya canza ya riƙa wannan warin tsohon mai. Robar sitaci tana tare iska sosai muddin a bushe take, da ta sha laima kuma shi ke nan ta buɗe ƙofa. PLA ta fi ta jure ruwa, ba ta jiƙewa, amma tururin ruwa yana ratsa ta ninkin ba ninkin fiye da ledar da kika saba. Dambun da za a ci cikin kwana biyu ko uku, a biki ko a tasha, babu matsala. Wanda za a ajiye a kanti wata biyu, ko a tafi da shi aikin Hajji, ko a aika wa yaro makarantar kwana, ba zan ba ki shawarar ki sa shi a irin wannan ba, musamman da damina.

Masu bincike suna da tasu makubar. Ɗaya daga ciki wani yumɓu ne mai suna montmorilonait, wanda ƙwayoyinsa fale-fale ne kamar takardu, siraransu ya wuce misali. In aka watsa ɗan kaɗan, bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, iskar da ke son ratsawa sai ta yi ta kewaye-kewaye kamar mai bin lungunan tsohon gari, tafiyar ta yi mata nisa. Masu binciken kamfanin Toyota ne suka fara nuna amfanin wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, a robar sassan mota, daga baya aka kawo ta harkar abinci. Ana kuma shafa kakin zuma, ko kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande wanda har yana rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, ko a yi mazubin hawa-hawa, kowane hawa da aikinsa. Ƙaro ma, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi, ana gwada shi a matsayin shafe mai ciwuwa a jikin tumatir da 'ya'yan itace don su daɗe. Duk waɗannan suna rage matsalar, amma kowane ƙari yana ƙara kuɗi, kuma har yanzu da wuya su kamo leda mai araha wajen tare tururin ruwa. Ki tuna buhun nan na adana wake mai hawa uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta inganta bayan aikin da aka faro a arewacin Kamaru. Ledoji biyu na ciki su ne ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba guba ba. Ni mai son robar tsirrai ne, amma ba zan ce a musanya waɗannan ledojin da na sitaci ba, don asarar waken ta fi ledar illa.

Kunun aya da zoɓo kuwa, a yanzu ki cire ranki. Mazubin sitaci ba ya riƙe ruwa. Ana yin kofi da gora da PLA don abin sha mai sanyi, amma tana fara laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. Mota a kulle a rana cikin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi tana iya kaiwa nan. Na taɓa barin kofunan gwaji a bayan mota da azahar, na dawo na tarar sun lanƙwashe bakinsu ya karkace. Koko mai zafi ko shayi ko miya kuwa ba a ma maganarsu, sai dai wani nau'in PLA da aka sarrafa na musamman don jure zafi. Ga kuma wata matsalar: gorar PLA da gorar ruwan da muka sani ido ba ya bambance su, in suka cakuɗe a buhun 'yan bola-jari sai su ɓata wa masu narkarwa kaya. Abin da zan roƙe ki a nan shi ne ki sayi sababbin gorori, ki bar waɗanda ake tsintowa a wuraren biki da asibiti ana ɗaurayewa. Wannan ya fi gaggawa ga lafiyar masu sayen kayanki fiye da batun ruɓewa.

Tunda an zo maganar lafiya, kada kalmar "na tsiro ne" ta sa ki saki jiki. A Turai an yi yayin wasu kofuna da kwanonin yara da ake cewa na gora ne, wato bambu. Ashe garin gorar aka cakuɗa da robar melamin. Hukumar tantance haɗari ta Jamus ta yi gargaɗi a 2019 cewa in an zuba abu mai zafi, melamin da fomaldihaid suna tsattsafowa cikin abincin, a wasu ma fiye da na robar melamin zalla, daga baya aka bi kasuwanni ana kwashe su. Su kuma kwanonin tuƙar rake, waɗanda su ne na fi yabawa, an gano cewa wasu masana'antu suna zuba musu sinadaran PFAS don kada mai ya ratsa. Waɗannan sinadarai ba sa lalacewa, suna taruwa a jikin mutum da cikin ƙasa. Denmak ta hana su a takardar ƙunshe abinci tun 2020. A dokar Turai, abin da zai fita daga roba ya shiga abinci bai kamata ya wuce miligiram 60 a kowane kilo na abinci ba, kuma gwada shi ake yi da ruwa mai tsami da mai maiƙo. Zoɓo mai tsami ne, dambu mai maiƙo ne, kuma irin waɗannan biyun su suka fi janyo sinadari daga jikin mazubi. Buntu ko ɓawon gyaɗa da aka kwaso daga gona ma yana iya zuwa da ragowar maganin feshi ko fumfuna in ba a tsabtace shi ba. Saboda haka duk wanda zai sayar miki, ki nemi takardar shaidar cewa an gwada kayan don taɓa abinci, ki kuma tuntuɓi NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, tunda da rajistarsu kike sana'a ko kike nema.

Sai maganar ruɓewa, wadda ita ce ta ja hankalinki tun farko. In kin ga an rubuta EN 13432 a jikin kaya, ma'anarsa an gwada shi a yanayi irin na masana'antar yin taki, inda ake riƙe zafi kusan digiri 58 da laima ana juyawa. A can ne ake buƙatar ya marmashe cikin mako 12, kuma kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe cikin wata shida. Juji na bayan gida ba haka yake ba, balle busasshiyar ƙasarmu ta rani. Kofin PLA in an yar da shi a bakin titi zai iya shekaru yana nan. A 2019 masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi na binne ledoji a ƙasa da tsoma su a teku. Bayan shekara uku, wasu da aka rubuta wa "mai ruɓewa" an ciro su har suna iya ɗaukar kayan cefane. A nan zaren tsiro yana da rana, domin laimar da yake zuƙowa, wadda aibi ce lokacin ajiya, ita ce ke buɗe wa ƙananan halittu hanya su cinye robar da wuri. Sitaci da tuƙar rake da takarda suna ruɓewa a juji mai laima ba sai an kai su masana'anta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka ya ga dunƙulen ledar da mahauta ke cirowa daga tumbin saniya ko akuya ya san abin da nake nufi.

Tsada kuwa tana nan, ba zan ɓoye miki ba. Yawancin waɗannan kaya shigo da su ake yi, da dala. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, amma garin kwaki da alabo muke ci da shi, kuma ba na goyon bayan a ɗauke abincin talaka a yi leda. Inda nake ganin alheri shi ne abin da muke ƙonawa ko zubarwa: buntun da ke jibge a bayan injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi, da tuƙar rake, da ɓawon rogo, da karan rama. Faranti da kwanon da ake matsawa daga irin waɗannan ba sa buƙatar fasaha mai zurfi kamar PLA. Kuma kasuwa na tahowa, tunda jihar Legas ta hana farar robar tekawe mai kama da soso tun watan Janairun 2024, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017.

Da ni ne ke, ga yadda zan yi. Abincin biki da na oda, wanda za a ci a ranar, zan koma kwanon tuƙar rake ko na takarda mai shaidar ba a sa masa PFAS ba. Dambu da cincin na ajiya zan bar su a leda mai kauri da ake liƙe bakinta da zafi, ko roba mai murfi da mai saye zai sake amfani da ita, in rage ƙananan ƙulle-ƙulle. In wani ya kawo miki ledar rogo yana cewa za ta yi, kada ki sayi katan. Karɓi guda goma. Ki zuba cincin na suya ɗaya a biyar, ki zuba a ledarki ta kullum guda biyar, ki liƙe duka ki rubuta kwanan wata, ki ajiye su wuri ɗaya, kuma ki yi gwajin cikin watan Agusta, ba cikin hunturu ba. Duk bayan kwana huɗu ki buɗe ɗaya daga kowane ɓangare ki ɗanɗana, ki shinshina. Daga cikin ledojin rogon da kika buɗe ki binne biyu a jujin gidanki inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ki kafa tsinke a wurin, ki tono bayan wata uku.